Daminar da Ganga Ta Cinye Mana Dawa

Har yau da furfura ta gama cin kaina, in na jiyo gangar noma daga nesa sai in tashi in shige ɗaki. Jikokina sun lura da haka, sukan yi ta tsokanata wai tsoho ba ya son nishaɗi. Nakan bar su su yi dariyarsu. Ban taɓa zaunar da su na gaya musu abin da ganga ta ci a gidanmu ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ikara da Makarfi. Lokacin da nake ba da labarinsa Turawa ke mulki, ana ta zancen wani yaƙi da suke gwabzawa a can ƙasashensu, gishiri da ƙyalle duk sun yi wuyar samu. Babanmu ya rasu da rani, ya bar maza biyu a gandu ɗaya, ni da yayana. Akwai Inna, mahaifiyarmu, akwai matar Yaya da 'ya'yanta ƙanana biyu. Ni a lokacin na zama cikakken mutum, sai dai ban yi aure ba. Abincin duk waɗannan bakuna daga wuri ɗaya yake fitowa, wato babbar gonar dawa da ke gangaren rafi. Ƙasa ce mai ƙarfi, tana ba da dawa sosai, amma yadda take son dawa haka take son ciyawa.

Baba yana da doka guda da duk gidan ya sani. Da zarar dawa ta kai tsawon tafin hannu, an shiga noman firi ke nan, noman farko bayan shuka, kuma har sai an gama shi babu kasuwa, babu biki, babu ziyara. Gawa kaɗai ke fitar da shi daga gona. In mutum ya biyo ta bakin gona ya tsaya gaisuwa, Baba yana amsawa ne a sunkuye, hauya ba ta tsayawa. Ka tambaye shi gida da iyali da gajiya da ruwa, duk zai amsa maka ɗaya bayan ɗaya, amma ba za ka ga fuskarsa ba. Mutane suna cewa ba shi da sakin fuska. Waɗannan mutanen dai su ke sallama a ƙofarmu in marka ta kama, rumbunansu sun yi ƙasa.

Yaya kuwa, Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin manomi irinsa ba, kuma ba don yana ɗan'uwana nake faɗa ba. In ya kama kunya yakan kai ƙarshenta ya juyo, sauran samari ba su kai rabi ba. Ba ya haki, ba ya ɗaga kai, yana yi yana murmushi. Ina ƙaunarsa ƙwarai. Shi ya koya mini riƙon hauya, shi ya goya ni ya haye da ni rafi lokacin da nake ƙarami. Abin da ya kashe mu shi ne makaɗin garinmu ya yi masa take nasa na kansa, wani kiɗa da in aka buga kowa ya san da wa ake. Duk mai kiran gayya daga Saulawa har Nasarawan Doya yana son a ce Yaya ya zo gonarsa, don in ya zo samari sukan yi tururuwa su gwada ƙarfi da shi. Sa'ad da Baba ke raye ba ya barinsa zuwa ko'ina sai an gama firi. Da Baba ya kwanta dama, sai aka rasa mai riƙe shi.

Za ka ce ai ga Inna. To Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Haka aka tarar, haka take yi. Yana zaune a tsakar gida, tana zaune, sai ta juyo wajena ta ce, "Ka gaya wa yayanka tuwo zai huce." Macen da ba ta iya ce masa ga tuwo, ta yaya za ta ce masa zauna ka yi noma?

Ruwa ya sauka da kyau a wannan shekara, shuka ta fito ba gurbi. Safiyar da muka fara firi, ba mu yi nisa ba sai ga wani mutum ya yi sallama a bakin gona. Yaya ya miƙe, ya jingina hauya, ya je suka durƙusa suka yi ta gaisuwa kamar ba aiki ne a gabanmu ba. Can sai na ga mutumin ya kwance goro daga ganye ya miƙa. A wajenmu in aka kawo maka goron gayya ka karɓa, ka yi alkawari ke nan. Yaya ya sa hannu biyu ya karɓa.

Da mutumin ya tafi na ce, "Yaya, ka karɓa?"

Ya ce, "To in mayar masa da goro a hannu? Bawan Allah ya tako tun daga Saulawa."

Na ce, "Da ƙafarsa ya tako, da ita zai koma. Dubi gonar nan."

Ya yi dariya ya ɓare goron ya miƙo mini rabi. Ya ce, "Kai dai ka ɗauko halin Baba. Yini ɗaya ne fa. Ka kwantar da hankalinka, ƙanena. Duk waɗannan da nake zuwa wa, ranar da muka kira tamu gayyar za su zo, kafin azahar sun share gonar nan tas."

Ban karɓi goron ba. Wannan maganar ta "kafin azahar" kuwa na ji ta a wannan damina har ta fita raina.

Yini ɗaya ya zama biyu, don daga gonar Saulawa wani ya tare shi da nasa goron. Ya dawo muka yi aiki tare safiya guda, washegari ga makaɗi a ƙofar gida. Na tsani mutumin nan, kuma har yau ban sauya ba. Siriri ne, hannunsa bai taɓa yin kanta ba, gonarsa ita ce bakin mutane. Yakan zo da sassafe ya tsaya daga waje, ba ya ko sallama, sai dai ya taɓa gangar a hankali. Yaya yana cikin shan kunu sai ka ga ludayi ya tsaya a hanya. Matarsa ta sunkuyar da kai. Inna ta dubi bango ta ce, "Ciyawa dai ba ta jin kiɗa." Ba wanda ya amsa mata, don ba da kowa take ba.

Kada in zalunce shi, ya yi ƙoƙari. Wata rana shi da kansa ya tashe ni da asuba ya ce mu fita kafin makaɗi ya zo. Muka yi salla muka kama hanya, raɓa tana jiƙa mana wando. Aiki ya yi kyau a wannan safiya, har na fara jin sanyi a raina. Da hantsi sai ga kiɗa daga bakin rafi, ya biyo mu har gona. Yaya ya juya masa baya ya ci gaba da noma. Ina kallonsa ta gefen ido, sai na ga saran hauyarsa ya fara bin kiɗan, in ganga ta sauka hauya ta sauka. Makaɗi ya ga haka ya ɗaga murya, ya shiga ambaton Baba, wai ɗan wane ba a kiransa ya ƙi, wai samari suna can sun ce tsoro ya ji. Baban da ya kori wannan makaɗi daga ƙofarsa ba sau ɗaya ba, yau da sunansa ake janye ɗansa daga gonarsa. Yaya ya tsaya, ya share gumi, bai dube ni ba ya ce, "Zan dawo kafin la'asar." Ya dawo bayan magariba da ƙunshin goro da tsokar nama a ganye, 'ya'yansa suka yi ta murna.

Da na ga haka sai na daina jiransa. Na zauna na yi wa kaina tsari. Gayaunata, 'yar gonar gyaɗa da nake nomawa da yamma don buƙatun kaina, na sallama ta ga ciyawa. Kasuwar Makarfi na daina zuwa. Dandali na daina leƙawa, har abokaina suka ce ko aljanu sun shafe ni. Na roƙi Inna a riƙa aiko mini da fura gona, a can nake sallar azahar da la'asar. Na fara da gangare, inda danshi yake, don nan ciyawar harƙiya ta fi saurin tashi, na bar tudu sai daga baya. Na koyi amsa gaisuwa a sunkuye irin ta Baba. Duk abin da mutum ɗaya zai iya yankewa daga rayuwarsa don ya sami lokaci na yanke shi.

Amma gonar ta mutum uku ce, ni kuwa ni kaɗai ne. In na nome wuri yau, ruwa ya sauka da yamma, ciyawar da na tuge sai ta sake kama ƙasa ta miƙe. Ina gaba, tana bina a baya. Duk da haka na lissafa a raina cewa in Allah ya ba ni lafiya, Yaya kuma ya riƙa ba ni ko da safiya ɗaya a cikin uku, za mu tsira da mafi yawan dawar.

Ana cikin haka sai saƙo ya zo daga sama, wajen hukuma, cewa ruwa ya yanke hanyar mota wajen Paki, ana son namiji guda daga kowane gida. Ba a tambayar ko kana da aiki. Da na ji, wani tunani ya zo mini wanda na ga shi ne kaɗai mafita. Na wanke ƙafa na tafi zauren mai unguwa, na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa har ta ƙare. Akwai dattawa zaune.

Na ce, "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. In za a ɗauki mutum a gidanmu, a ɗauki Yaya, a bar ni."

Wani tsoho ya yi salati.

Mai unguwa ya ce, "Me ka ce, yaro?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, dawarmu tana cikin ciyawa. In na tafi ba mai nome ta. Shi ko yana nan ba ya samun zama, mutane ba sa barinsa. Ya fi ni ƙarfi, aikin hanya ba zai dame shi ba."

Ya dube ni kamar na zo da ƙazanta a riga. Ya ce, "A ina ka taɓa jin an tura maigida ɗaukar ƙasa a ka, ƙanensa yana zaune a gida? Ubanku bai yi shekara a ƙasa ba har ka fara neman ka hau kan yayanka? Tashi ka ba ni wuri. Gobe da safe in gan ka da kwando."

Dattawa suka gyaɗa kai, kowa ya gamsu an tsare mutuncin gidanmu. Abin da ba wanda ya faɗa, kuma kowa ya sani, shi ne gayyar mai unguwa tana tafe a wannan mako, an riga an jiƙa gero. Ba zai aika da gwanin noman garin aikin hanya ba alhali tasa gonar tana jira.

Da yamma na ja Yaya muka je gona. Ban gaya masa abin da na roƙa a zaure ba, amma labari ya riga ni isa gida. Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na nuna masa inda na tsaya, na nuna masa abin da ya rage. Na ce, "Yaya, don girman Allah. Ba na roƙonka komai sai wannan. Kai in ka tsaya, abin da zan yi a mako kai kwana uku ya ishe ka. In an kawo goro ka ce ƙanenka ba ya nan."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wallahi ka tafi da kwanciyar rai. In ka dawo ka sami tsinken ciyawa a gonar nan, kada ka ƙara kirana Yaya."

Na yarda da shi, don a lokacin da yake faɗa gaskiyarsa yake faɗa.

Aikin hanya ba shi da wani labari. Ka haƙi tsakuwa, ka cika kwando, ka ɗora a ka, ka zuba a rami, ruwa ya zo ya kwashe, gobe ka sake. Mai tsaron aiki yana da usur, da shi ake farawa, da shi ake tashi. Wata rana wani Bature ya zo a mota, ya dubi agogon hannunsa, ya yi faɗa wai ana ɓata lokaci. Duk mu da ke wurin manoma ne, kowa ya baro shuka a cikin ciyawa, amma ba wanda ya buɗe baki. An ce mana 'yan kwanaki ne, sai aka yi ta ƙarawa. Kusa da rumfar da muke kwana akwai wani guntun fili da harƙiya ta fito. Ranar da muka zo tana idon sawuna. Kullum da safe sai na je na tsaya a cikinta in ga inda ta kai, don na san ruwan da ke shayar da ita shi ke shayar da ta gonarmu. Ranar da aka sallame mu ta wuce gwiwata.

Ban bi ta gida ba, gona na nufa kai tsaye da kwandona. Tun daga nesa na ga abin da na gani, amma na ci gaba da tafiya ina cewa ko idona ne. Gonar ta zama fadamar ciyawa. Sai ka buɗa da hannu kafin ka ga dawa, ta yi rawaya, ta yi siririya kamar tsinken tsintsiya. A gefe guda ga wani yanki da aka nome tsaf, aiki mai kyau irin wanda hannun Yaya kaɗai ke yi. Ya yi kamar yini guda da rabi. Kunyar ƙarshe a tsakiya aka bar ta, ko ƙarasa ta bai yi ba. Na zauna a wurin a kan ƙasa na yi kuka, ni da gemuna.

A gida na iske shi yana gyara ƙotar hauya. Matarsa ce ta ba ni labari daga baya. Ya ƙi goro biyu, da wuya, har yana ɓuya a ɗaki. Sai mai unguwa ya aiko, wannan kuwa ba a ƙi. A gonar mai unguwa aka haɗa shi da wani gwani daga Nasarawan Doya, ya kayar da shi, mutanen can suka ce sai an rama a garinsu. Daga nan ban san ina da ina ba.

Na tsaya a kansa na ce, "Yaya, Baba gida ya bar maka, ko kai ya bar wa makaɗi?"

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Inna tana bakin murhu, ta ce da tukunya, "A bar magana, a nemi abin yi."

Abin yi a wurina a fili yake. Dawar tudu ba ta gama shaƙewa ba. In mu biyu muka duƙufa a kanta, a hankali, muna buɗa ciyawa da hannu, za mu ceci wani abu. Gangare kuwa a haƙura da shi. Ɗan hatsin da ya rage a rumbu a riƙa tsakura har sabon abinci ya fito. Na faɗa masa haka, na sake faɗa.

Ya ce, "A'a. Gayya zan kira. Duk ƙasar nan ba gonar da ban zuba gumi ba. Yau ranar tawa ce."

Na ce, "Da me za ka ciyar da su?"

Ya ce, "Da abin da ke rumbu. Ba zan tara mutane in ba su ruwan rijiya ba."

Na ce, "In sun cinye, yaran nan fa?"

Ya ce, "In dawa ta tashi ai an wuce wurin."

Shi ne maigida. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, ko da da bango ne. Ta tashi ta kwance akuyarta guda ɗaya, ta miƙo mini igiyar, ta ce, "Ka ba yayanka, kada a ji kunya." A ganinta wannan ce kaɗai hanyar da za ta tsaya wa ɗanta. Na karɓi igiyar na kai masa cikin baƙin ciki.

Aka share rumbu har ƙasa. Mata suka yi ta daka. Ranar gayya mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Manyan da ya noma wa gonaki ba su zo da kansu ba, sun aiko barori, amma samari sun cika gonar, don sun ji Yaya zai yi noma a gidansa. Makaɗi ya zo da mataimaka. Kafin a fara na bi su ina roƙo, ina cewa dawar ta yi rauni, tana ɓoye a cikin ciyawa, a yi a hankali a riƙa dubawa. Suka ce to. Sai aka buga taken Yaya.

Wanda bai taɓa ganin gayya ba ba zai gane ba. Gayya tsere ce. Kowa idonsa yana kan wanda ke gefensa, ba kan ƙasa ba. A gonar da aka nome a kan kari wannan ba laifi, dawa ta fi ciyawa tsawo, hauya tana ganinta. A tamu kuwa ba ka bambance su sai ka tsuguna. Yaya ya yi gaba kamar yadda ya saba, samari suka rufa masa baya, ƙasa tana tashi, mata suna guɗa daga bakin gona. Ni ina bin bayansu ina tsintar dawa a cikin ciyawar da aka sare. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ganga ta fi ni murya.

Kafin azahar sun share gonar tas, kamar yadda ya yi ta faɗa mini. Jar ƙasa ce shimfiɗe daga tudu har rafi, sai karan dawa jefi-jefi, ɗaya nan ɗaya can. Aka zauna a inuwa aka ci tuwo da naman akuya, aka sha fura, aka yi wa gidanmu addu'a. Yaya ya taso yana sheƙi da gumi, fuskarsa cike da farin ciki, ya zo inda nake. Na buɗe masa hannuna, cike da dawar da aka sare. Ya duba, ya juya ya dubi gonar. A gabana murmushin ya bar fuskarsa, kuma ban ƙara ganin ya yi murmushi ba har muka rabu.

Lokacin sake shuka ya wuce. Mun gwada wake a wasu wurare, bai yi abin kirki ba. Marka ta same mu da rumbu wayam. Muka koma tafasa da rama, yau a sami ɗan garin da za a barbaɗa, gobe babu. Da kaka abin da muka ɗaure bai isa a kira shi girbi ba. Wasu daga cikin waɗanda ya yi wa noma sun aiko da dami, Allah ya saka musu. Wasu kuwa in sun gamu da shi sai su yi masa kirari su wuce. Inna ta ɓullo da wata dabara, in an zuba mata sai ta ce ba ta jin yunwa yanzu, a rufe mata, anjima ka ga jikokinta suna lasar kwanon. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Kafin rani ya yi nisa iyayen matar Yaya suka zo daga Kudan suka tafi da ita da yaran, wai sai abubuwa sun daidaita. Ba wanda ya hana su, don ba mu da bakin hanawa.

Yaya ya daina fita. Goro ma ya daina ci. Yakan zauna a gindin rumbu tun safe, in na yi masa magana ya ce "to". Fushina ya ƙare a lokacin, don babu sauran wanda zan yi fushi da shi.

Sai aka sake aiko da saƙo daga sama, wannan karon ana neman maza a kai su haƙar kuza a ƙasar duwatsu, can kudu da mu. Mun riga mun ji labarin wurin, sanyi da ciwon ƙirji. Aka tara mu a ƙofar mai unguwa, aka zo kan gidanmu, ya nuna ni da baki kamar wancan karon. Sai Yaya ya miƙe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni zan je."

Mai unguwa ya ce, "Kai ne maigida."

Ya ce, "Gidan da na riƙe ai kowa ya gani. A bar wanda ya san hanyar gona."

Wannan karon ba dattijon da ya yi salati. Rani ne, ba mai gayya a gabansa. Na bi shi har gida ina cewa ya janye, ni zan tafi, yanzu ba aikin da zai ɓaci in na tafi. Ya ce, "Wancan ne ya kamata in je, ƙanena. Ka faɗa, ba a ji ba. Bar ni in je wannan."

Safiyar da za su tashi ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya yi mata sallama. Tana ciki, ta juya baya. Ta ce da ni, "Ka ce wa yayanka Allah ya tsare." Na faɗa masa, ko da yake ya ji. Ya ɗauki ƙunshinsa ya fita. Na riƙe ta muka fito ƙofar gida, muna kallonsu har suka sha kwanar bishiyar kuka. Da ya ɓace sai na ji ta kira sunansa, a hankali, sau ɗaya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da ta kira shi haka da ƙarfi wata safiya a farkon damina, lokacin da makaɗi ke tsaye a ƙofa, na tabbata da ya zauna.

Inna ba ta ga saukar ruwa ba, da bazara muka binne ta. Bayan nan wani mutumin Saulawa da suka tafi tare ya dawo yana tari, ya zo har gida ya yi mini ta'aziyya. Ya ce Yaya ya fi kowa aiki a can ma, har ciwon ya kayar da shi. Matarsa ta yi takaba a gidan iyayenta, yaran suka tashi a Kudan, ba su dawo ba.

Da damina ta zo kawuna ya ba ni iri. Na shuka rabin gonar, iyakar abin da hannu ɗaya zai iya. Ba wanda ya kawo mini goro, ba wanda ya tsaya a ƙofata da ganga, ko aikin hanya ba a kira ni ba, tunda ni kaɗai na rage a gidan. Sararin yin aiki da na yi ta nema ina kuka a bara, ga shi na samu har ya yi mini yawa. Ina cikin noman firi wata safiya sai na jiyo kiɗa daga ƙetaren rafi. Taken Yaya ne, ba a sauya ko sara ɗaya ba, an ba wani saurayi. Ban ɗago ba, na ci gaba da noma.

Na gama firi a kan kari, na yi maimai, noma na biyu, a kan kari. Dawa ta yi kyau a wannan shekara irin wanda ban taɓa gani ba, masu wucewa suna tsayawa suna cewa ɗan Baba ya gaji Baba. Na ɗaure, na kwaso, na zuba a rumbu har sai da na hau na danna da ƙafa. Da na sauko na tsaya a tsakar gida, na rasa wanda zan ce wa ya ɗora tukunya.